Aminina Ya Rufe Ni Cikin Silin Ya Janye Tsani

Gwaggo mai filin shawara, ina gaisuwa, da fatan wannan takarda ta same ki lafiya. Don girman Allah ki taimake ni, kaina ya kulle. Yau sati uku ke nan ban fita aiki ba, ina zaune a ƙofar gida kamar sabon maigadi, wanda ya gaishe ni ma haushinsa nake ji. Ban taɓa rubuto wa jarida wasiƙa ba. Maiɗakina ce ke karanta filinki, in ta ajiye sai in ɗauka in yi kamar labarin ƙwallo nake dubawa. In kin ga ina ta kwana-kwana ki yi haƙuri, hannuna ya fi sabawa da filaya a kan biro.

Ni mai gyaran wuta ne, shekarata arba'in da huɗu, ina da mata da 'ya'ya huɗu. Akwai wani abu da nake fama da shi tun ina yaro wanda ban san sunansa ba. Ba na iya zama a matsattsen wuri. Ba duhu nake tsoro ba, ba kuma aljani ba. Ki nuna min turken wuta, zan hau har ƙarshensa ina fito. Ki ce in yi yawo a kan kwanon bene mai hawa uku da tsakar rana, ko a jikina. Amma da zarar an rufe ni a inda ba na ganin mafita, sai ƙirjina ya ɗaure, numfashi ya sarƙe, tafin hannuna ya jiƙe sharkaf, in ji a raina cewa yau dai mutuwa ce ba makawa. In zan shiga bas, sai kujerar bakin ƙofa, in wani ya riga ni in jira ta gaba ko da zan makara. Banɗakin kasuwa ban taɓa sa masa sakata ba, da ƙafa nake tokare ƙofar. Ranar da aka kwantar da ƙanwata a asibiti hawa na bakwai, mutane suna shiga lif, ni ina bin matattakala sau uku a rana, har ma'aikatan suka ɗauka motsa jiki nake yi. Ko riga mai matsattsen wuya, in ta tsaya min a ka daƙiƙa biyu sai na kusa yaga ta. Maiɗakina tun tana amarya ta ga ba na kwana cikin gidan sauro, kuma ba na yarda a rufe ƙofar ɗaki ruf. Na ce mata ni mutum ne mai jin zafi. A haka na bar ta shekara goma sha takwas.

To, Gwaggo, ki duba sana'ar da Allah ya ba mai irin wannan matsala. Rabin aikin wuta a cikin silin yake. Akwai 'yar ƙofar nan mai murfin katako da ake bari a saman falo ko koridon gida, ta nan ake shiga a yi rarrafe tsakanin kwano da silin ana jan waya. Ranar farko da maigidan da ya koya mana aiki ya ce in hau, kafaɗuna kawai suka shiga, na sauko da gudu na je bayan gini na yi amai. Mutum ɗaya ne ya gan ni, wani siririn abokin koyon aikina da ake kira Ƙadangare saboda yadda yake shigewa kowane lungu. Ya karɓi tocila daga hannuna ya haye, maigida ya dawo ya tarar an gama. Daga ranar muka zama abin da muka zama.

Da muka fara cin gashin kanmu, abu na farko da muka saya tare shi ne tsani, na ƙarfe mai naɗewa. Yana nan har yau, duk ɗigon fenti, ƙafa ɗaya mun ɗaure ta da waya. Muka raba aiki: shi ne na sama, ni ne na ƙasa. Ni ke fasa bango, ni ke haɗa allon mita, ni ke hawa turke da kwano, ni ke magana da masu gida domin shi ba ya iya haɗa jimla uku bai ɓata ciniki ba. Shi kuma silin nasa ne. Ya rantse min da Allah ba mai jin maganar nan daga bakinsa, har matarsa. In mai gida ya tambayi me ya sa kullum shi ke hawa, sai ya ce ai ni tumbina ba zai shiga ba, a yi dariya a wuce.

Muna da alamarmu, saboda murya ba ta fita sosai daga can. In ya buga katako da filaya sau ɗaya, in turo waya. Sau biyu, in tsaya. Sau uku kuwa, in kafa tsani maza-maza, akwai matsala. Cikin shekara goma sha shida bai buga ukun nan ya wuce sau biyar ba. Sau ɗaya ya dafa gidan rina, sau ɗaya wuta ta ja shi, sau ɗaya ya yi ido huɗu da wani abu mai jela da har yau ba mu daidaita kan ko mene ne ba. Ban taɓa bari ya buga na huɗu ba. Akwai ranar da ina banɗaki na ji ukun nan, na fito da wando a hannu a gaban matar mai gida. Ko ba ya bugawa ma na san inda yake, domin tarin nan da ya addabe shi shekara biyun nan, da shi nake gane ya kai saman kicin ko yana saman ɗakin kwana. In 'ya'yana suka ce Baba Ƙarami, shi suke nufi. Shi ya raka maiɗakina asibiti haihuwar autarmu ina can wani gari ina aiki. Na faɗa miki duk wannan ne don ki gane wane ne ya yi min abin da zan faɗa.

Ranar Talata ce, muna aiki a wani sabon gida mai dogon falo, silin ɗinsa ya yi tsayin mutum biyu da rabi. Akwai masu fenti uku da mai tayil suna nasu aikin. Wajen sha ɗaya na safe Ƙadangare ya zauna a kan bokitin fenti ya yi ta tari, ya ce ƙirjinsa ya yi nauyi, yau ba zai iya hawa ba. Ya ce waya ɗaya ce kawai ta rage a can kusurwar saman kicin, in jawo ta zuwa akwatin haɗi, aikin minti biyar, kuma mai gida gobe zai tare. Ya ce zai riƙe tsani da hannu biyu, zai yi ta yi min magana har in sauko. Na dube shi, ya ba ni tausayi. Na ce a raina, mutumin da ya yi maka shekara goma sha shida, kai ka kasa yi masa minti biyar? Na yi bisimilla na hau.

Gwaggo, wanda bai taɓa shiga silin da rana ba, ba zai gane ba. Kwano a saman kai yana huci kamar murhu. Ba a miƙewa, ba a ko durƙusawa sosai. A kan katako kawai ake dafawa, in ka kuskure ka taka allon silin sai dai a tsince ka a ƙasa. Ƙura tana shiga hanci da baki. Na riƙe tocila da haƙora ina rarrafe, gabana yana dukan uku-uku, amma ina jin muryarsa, kuma in na waiga ina ganin hasken 'yar ƙofar nan a bayana. Hasken nan shi ne ya riƙe ni. Na isa kusurwar, na kama wayar, har na ji wani ɗan alfahari. Ina waigowa na ga hasken yana tsukewa, sai ƙwas, murfi ya rufe. Sannan na ji ƙarar da na fi kowa sani a duniya, ƙarar ƙafar tsaninmu ana jan ta a kan siminti.

Na ɗauka kuskure ne. Na zaro filaya na buga uku. Shiru. Na sake buga uku. Sai na ji muryarsa daga ƙasa yana cewa in kwantar da hankali, in yi ta ƙirga numfashi, yana nan ba inda zai je, minti goma kawai. Na buga uku, na buga uku, na yi ta bugawa har filayar ta suɓuce. Tocila ta faɗo daga bakina ta mirgine. Na kira sunansa, na kira sunan uwata da ta rasu. Kwanon nan na ji yana saukowa yana danne min baya. Ban san lokacin da na bar katako na yi ta shure-shure ba, sai ji na yi ƙafata ta ɓurma silin ta zurma har cinya. Haka na rataye, ƙafa ɗaya tana lilo a saman falon mutane, ƙwaurina yana zubar da jini, ina kuka da majina kamar yaron goye. Masu fenti suka fara salati, da suka gane ban mutu ba suka koma dariya.

Ya kafa tsani ya buɗe murfin, ya shigo ya ja ni. Da na sauko, maimakon ya yi shiru, sai ya shiga bayani a gaban kowa, jikinsa na rawa. Wai minti huɗu kacal na yi. Wai wani ne ya gaya masa haka ake warkar da masu tsoron matsi, a rufe su har tsoron ya gaji ya fita. Wai tun muna samari nake da abin, don alherina ya yi. Sirrin da ya rantse a kansa, ya zazzage shi a gaban masu fenti uku da mai tayil, mutanen da in suka ji magana da safe kafin la'asar ta zaga duk wuraren gini. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Na naɗe tsanin na ɗaure a babur na fita.

A bakin get na tsaya na buɗe jakar kayan aiki in nemi tsumma in ɗaure ƙafa. Me zan gani a ƙarƙashin wayoyi? Wankakkiyar riga da ƙaramin tawul, an ninke su irin ninkin maiɗakina, hannun riga a ciki. Gwaggo, shekara goma sha shida matar nan ba ta taɓa sa min rigar canji a jaka ba, domin yadda na fita fes haka nake dawowa fes, in ban da 'yar ƙurar bango. Ranar kaɗai ta sa. Ke nan da ta miƙo min jakar da safe tana yi min a dawo lafiya, ta san inda za a tura ni. Wallahi rigar nan ta fi murfin silin yi min ciwo.

Da na isa gida na ajiye rigar a gabanta. Ba ta yi musu ba. Ta fashe da kuka ta ce wata biyu da suka wuce ya zo ya same ta ina wajen aiki, ya gaya mata komai, ya ce yana so ya gwada sa ni in shiga. Ta ce ba ta san zai rufe murfi ba, ta ɗauka lallaɓa ni zai yi. Ta ce ita dama ta daɗe da sanin ba zafi ke damuna ba, mai jin zafi ba ya barin ƙofa a buɗe da sanyin hunturu yana rawar ɗari, ta yi shiru ne don kada in ji kunya. Sannan ta ce in je in tambaye shi abin da likita ya gaya masa. Na ce ba ruwana da likitansa, na fice. Tun ranar tsakanina da ita sai ina kwana da sannu da aiki.

Maganin nasa kuma ga abin da ya haifar: yanzu ko banɗakin gidana ba na iya turo wa ƙofa, hular kwano ma na kasa sawa. Na ji wai a wuraren gini an raɗa min suna Mai Ƙafa a Sama. Ya zo gidana sau uku. Tun daga kwanar layi nake jin tarinsa, sai in shige ciki in ce a ce ba na nan, alhali ga babur ɗina a ƙofa. An ce min yanzu aron tsanin katako yake yi wajen wani kafinta yana hawa shi kaɗai. Namu yana jingine a bayan ɗakina. Rannan har na ɗauko zarto zan raba shi biyu in aika masa rabinsa, sai na kasa.

Gwaggo, mutum biyu na yarda da su a duniya, kuma su biyun suka zauna suka ƙulla min wannan. In aika masa tsanin a rabu har abada? In na rabu da shi, wa zai ba ni aiki, ni da ba na shiga silin, ga shi kowa ya sani? Ita kuma ta gida, yaya zan yi in sake karɓar jaka daga hannunta ban bincika ba? Kuma ki gaya min gaskiya, kada ki ji nauyina: wannan abu ciwo ne, ko dai ni ragon namiji ne kawai?

Naki cikin damuwa,
Mai Riƙon Tsani

*

Ɗana Mai Riƙon Tsani, na karanta wasiƙarka sau biyu, kuma biro bai ba ka kunya ba. Sannu, Allah ya ba ƙafar lafiya.

Bari in fara da tambayarka ta ƙarshe, don ita ce mafi sauƙi. Rago ba ya hawa turken wuta yana fito. Rago ba ya shiga inda ya fi tsoro a duniya don kawai abokinsa ya yi tari. Abin da ke damunka ciwo ne da likitoci suka sani, tsoron matsattsen wuri, kuma masu shi suna da yawa. Wasunsu suna nan cikin bas ɗin da kake hawa, su ne ke riga ka kujerar bakin ƙofa. Jiki ne ke kaɗa ƙararrawar haɗari a inda babu haɗari, kuma ba a kashe ƙararrawar nan da faɗa ko gori. Kai da kake aikin wuta ka fi ni sanin cewa in waya tana tartsatsi ba zaginta ake yi ba.

Abin da Ƙadangare ya yi maka laifi ne, ba zan shafa masa mai ba. Ya yaudare ka, ya saɓa alƙawarin riƙe tsani, ya ji bugu uku ya toshe kunne, sannan ya tona abin da ya rantse zai rufe. Da ba ƙafa ɗaya ce ta zurma ba, da yanzu wani labarin ake yi. Wanda ya ba shi shawarar nan kuma rabin magana ya ji. Gaskiya ne masana suna warkar da irin wannan tsoro ta hanyar kusantar abin da ake tsoro, amma kaɗan-kaɗan, da sanin mai ciwon, da yardarsa, kuma ƙofar tana hannunsa, duk lokacin da ya ce a tsaya a tsaya. Rufe mutum ba shiri ƙara masa ciwon yake yi, ga shi ka gani a jikinka. Saboda haka fushinka yana kan hanya, kuma ba wanda zai ce ka haɗiye shi a kwana ɗaya.

Amma tunda ka ce kada in ji nauyinka, to gyara zama. A wasiƙarka ka ambaci tarin mutumin nan sau uku zuwa huɗu. Ka ce shekara biyu yana yi. Ka ce da shi kake gane ko ya kai saman kicin. Ɗana, tarin amininka ya zame maka alamar aiki, kamar bugun filaya, amma ban ga inda ka ce ka taɓa tambayarsa ko ya je asibiti ba. Kai minti huɗu ka yi a wurin nan, ka ba ni labarin zafin kwano da ƙurar da ke shiga hanci har na ji ƙirjina ya yi nauyi. Shi shekara goma sha shida ya yi yana shaƙar ta. Kai da bakinka ka ce fes kake fita fes kake dawowa. Ban ce ba ka aiki ba, turke da fasa bango ba wasa ba ne. Na ce dai akwai wanda ƙurar rabonka ta tafi ƙirjinsa, kuma bai taɓa yi maka gori ba.

Ban san abin da likita ya gaya masa ba, kai ma ba ka sani ba, don ka ƙi ji. Amma in mutum mai tari ya je ya sami matar amininsa a ɓoye yana neman yadda zai koya masa shiga silin, ina zargin an ce masa ya daina shiga ne, shi kuma ya rasa bakin gaya maka. Kai ka ce ba ya iya haɗa jimla uku. Wataƙila ya duba ya ga ranar da ya sauko daga silin, kai da 'ya'yanka huɗu za ku sauko tare da shi, sai ya yi abin da marasa iya magana kan yi, ya yi da hannu, kuma ya yi ba daidai ba. Wannan ba ya wanke shi. Amma akwai bambanci tsakanin wanda ya rufe ka don ya yi dariya da wanda ya rufe ka jikinsa na rawa.

Game da maiɗakinka, ka sassauta. Ta yi kuskure da ta biye masa ba ta gaya maka ba, kuma ka faɗa mata hakan ƙarara, ka ce daga yau duk abin da ya shafi jikinka da kai za a fara shawara. Sai dai ka tuna wa ya fara ɓoye wa wani. Shekara goma sha takwas kana ce mata zafi, ita tana kwana a ɗaki ƙofa buɗe cikin sanyi, sauro na cizonku, ta san gaskiya ta rufa maka asiri har daga kanka. Rigar da ta sa maka a jaka, kai ka karanta ta a matsayin shaidar makirci. Ni na karanta ta a matsayin mace da ta yi zaton mijinta zai sauko da ƙura a jiki yana murmushi, ba ta so ya bi titi da datti. Ku zauna yau, ka ba ta labarin ciwon nan tun daga farko, da bakinka, irin yadda ka ba ni.

Sai maganin. Ka je babban asibiti ka nemi ɓangaren masu duba damuwa da tsoro. Kada ka ce ai wurin masu taɓin hankali ne, yawancin masu zuwa can da ƙafarsu suke zuwa su koma aiki. Ka gaya musu komai, har abin da ya faru a silin, domin shi ma ya bar nasa tabon. Kada ka ce za ka gwada kanka da shiga lungu don ka nuna wa masu fenti kai namiji ne. Ba na yi maka alƙawarin za ka zama ƙadangare na biyu ba, amma da yardar Allah za ka rufe banɗakin gidanka, ka sa hular kwanonka, wata rana ma ka shiga lif. Sunan da aka raɗa maka kuwa, in ka fito ka amsa shi da dariya sau biyu zai mutu, zaman gidan ne ke ba shi rai. Aiki kuma ba duka ne a silin ba. Kai da kwano bai dame ka ba, ga masu sa farantan hasken rana suna neman wanda ba ya jin tsoron sama. In ta tabbata shi ma an hana shi ƙura, ku biyun sai ku sake tsarin sana'ar, ku daina karɓar aikin da ba mai iya yinsa a cikinku, ko ku haɗa kai da wani abokin sana'a ya riƙa ɗaukar wannan ɓangaren.

Tsanin kuma ka ajiye zarto, rabin tsani ba ya kai kowa ko'ina. Kada ka aika masa da shi ta hannun wani. Ka ɗaure shi a babur ka kai masa da kanka. Ka gaya masa abin da ka ji lokacin da ka buga uku ba a amsa ba, kada ka rage komai, ka bar shi ya ji. Ka ce sai ya nemi gafararka ba tare da ya haɗa da cewa don alherinka ya yi ba. In ya ƙi, ka ajiye masa tsanin ka juyo, ka fita haƙƙinsa, ni ma ba zan ce ka koma ba. In ya nema, to sai ka yi masa tambayar da ta makara da shekara biyu, ka ce me likita ya ce, kuma ranar komawarsa asibiti kai za ka kai shi.

Ban ce ka yafe gobe ba, yafiya ba a yi mata dole. Na ce dai ka je gobe. Domin yanzu haka da nake rubuta maka amsar nan, mutumin nan yana iya kasancewa cikin silin ɗin wani, da tarinsa, ya hau da tsanin aro. In ya buga uku, ba kowa a ƙasa da ya san ma'anarta sai kai.

Allah ya yaye maka, ya ba amininka lafiya, ya sanyaya zuciyar gidanka. Ka gaishe min da maiɗakin naka, tunda na san ita za ta riga ka karantawa.

Gwaggonku